Cessna 172 a Matsayin Jirgin Koyon Tuƙi: Sharhi ga Masu Neman Lasisin PPL

Mafi yawan kuɗin da mai neman lasisin tuƙin jirgin sama yake biya a makaranta yana tafiya ne a hayar jirgin da zai koya a cikinsa, domin awa-awa ake yin lissafin, kuma a makarantu da yawa agogon yana fara ƙirga ne tun daga lokacin da aka tayar da inji har zuwa lokacin da aka kashe shi. Saboda haka jirgin ya cancanci a yi masa sharhi kamar kowane kaya da mutum zai zuba wa dukiyarsa. A cikin Cessna 172 na yi karatun lasisin matuƙi mai zaman kansa, wanda ake kira PPL, a wata makaranta da ke kusa da Johannesburg a Afirka ta Kudu, kuma ra'ayina a kansa bai canja ba tun daga lokacin: ban ga jirgin da ya kai shi bai wa sabon ɗalibi sararin yin tunani ba, amma irin man da yake sha ya sa ya zama mai tsada ga wanda zai koya ko zai ci gaba da tashi a Afirka ta Yamma.

Kamfanin Cessna, wanda Clyde Cessna ya kafa a Wichita ta jihar Kansas a Amurka a 1927, ya fara gwada wannan jirgi a sama a 1955, ya kuma sa shi a kasuwa a 1956. Asalinsa Cessna 170 ne mai ƙaramar taya a wutsiya, sai aka ɗauke tayar aka mayar da ita ƙarƙashin hanci, canjin da ya sauƙaƙa sauka da tafiya a ƙasa ƙwarai. An dakatar da ƙera shi a 1986, aka ci gaba a 1996 a garin Independence na jihar ta Kansas, kuma zuwa yau an ƙera fiye da 44,000, adadin da babu wani jirgin sama da ya kai shi a tarihi. A cikin irinsa ne Robert Timm da John Cook suka yi kwana 64 a sama ba tare da sauka ba, daga Disambar 1958 zuwa Fabrairun 1959, a sararin hamadar da ke kewaye da Las Vegas, ana miƙa musu mai daga babbar mota tana gudu a ƙasa. Amfanin wannan tarihi ga ɗalibi shi ne cewa kusan duk injiniyan ƙananan jirage ya san jirgin ciki da waje, kayan gyaransa ba sa wuyar samu, kuma an daɗe da gano halayensa an rubuta su.

Abin da ya kamata mai biyan kuɗi ya fara sani shi ne cewa sunan 172 ya ƙunshi jirage masu bambancin shekaru da ƙarfi. Samfurin M na shekarun 1970 yana da injin Lycoming mai ƙarfin doki 150, samfurin N da P suna da 160, shi kuwa samfurin S da ake ƙerawa a yanzu yana da 180. Tsofaffin suna aiki da kafireta, wadda ƙanƙara take iya toshewa ko da a ranar da ba a jin sanyi muddin akwai laima a iska, don haka dole ɗalibi ya saba da tura mata iska mai zafi duk lokacin da ya rage totur zai sauka. Sababbin suna fesa mai kai tsaye, ba su da wannan matsala, sai dai tayar da injinsu yakan ɗan yi gardama idan bai huce ba. Haka kuma tsofaffin suna da agogo shida masu allura a gaban matuƙi, waɗanda ke nuna gudu da tsayi da karkatar jirgi da alkiblarsa da saurin hawa ko gangara da yanayin juyi, yayin da sababbin, tun daga 2005, suke zuwa da manyan alluna biyu na Garmin G1000. Na tashi da duka biyun, kuma shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki mai agogo idan makaranta tana da shi. Kuɗin hayarsa ya fi sauƙi, sannan allon G1000 yana jan idon ɗalibi zuwa cikin jirgi a daidai lokacin da ake so ya koyi karanta yanayin jirginsa daga inda sama ta haɗu da ƙasa. Tsufan jirgi kuwa bai kamata ya tsorata kowa ba idan takardun gyaransa cikakku ne, domin jirgin makaranta ana duba shi duk bayan awa 100, kuma kamfanin Lycoming ya sa awa 2,000 a matsayin lokacin da ya kamata a kwance irin wannan inji a sabunta shi.

Darasi yana farawa ne tun a ƙasa, da zagayen duba jirgi. Fukafukan 172 a saman jiki suke, tankunan mai kuma a cikinsu, don haka mai yana gangarowa zuwa inji da nauyinsa, kuma ana iya barin makunnin mai a kan tankunan biyu gaba ɗaya, abin da ya rage wa ɗalibi wani aiki da masu koyo a jirgin Piper Cherokee suke yi, na sauya tanki daga hagu zuwa dama a cikin tafiya. Amma duba mai da ido yana bukatar hawa kan matakala ko kan ɗan matakin da ke jikin jirgin, kuma sababbin samfura, wato R da S, suna da wurare 13 da ake tatsar mai a duba ko ruwa ya shiga, biyar a kowane fiffike da uku a ƙarƙashin ciki. Aikin yana cin lokaci, amma a wurinsa ake koyon haƙurin da sauran karatun yake bukata. Ƙofofi biyu ne, ɗaya ga ɗalibi ɗaya ga malami, kuma fiffiken yana yin inuwa ga mai jiran izinin tashi, wanda ba ƙaramin alheri ba ne a ƙasa mai zafi.

Da ƙafa ake sarrafa jirgin a ƙasa, da fedoji biyu waɗanda birki yake a samansu, kuma wanda ya daɗe yana tuƙa mota yakan ɗauki lokaci kafin hannunsa ya daina neman juya sitiyari. A samfurin S ana ɗaga hanci idan gudu ya kai not 55, wato kimanin kilomita 100 a awa, sannan a hau da not 74, ana danna fedar dama domin farfela tana jan hancin jirgin zuwa hagu lokacin da inji yake aiki da dukkan ƙarfinsa.

A sama ne darajar wannan jirgi take bayyana. Idan aka daidaita shi da kyau aka saki sitiyari, yana ci gaba da tafiya a miƙe, kuma idan iska ta ɗan buge shi yakan nemi komawa yadda yake da kansa. Wannan natsuwa ita ce ke ba ɗalibi damar sauraron hasumiya a rediyo, da duba taswira, da neman wasu jirage a kewayensa, ba tare da jirgin ya kuɓuce masa ba. Darasin da ya fi tayar wa sababbin ɗalibai hankali shi ne na sitol. Fiffike yana ɗaukar jirgi ne muddin iska tana bin bayansa sumul. Idan aka ci gaba da ɗaga hanci har kusurwar da fiffiken yake fuskantar iska ta wuce ƙima, sai iskar ta wargaje, ƙarfin ɗauka ya ragu nan take. A 172S wannan yana faruwa a kusan not 48 idan ba a sauke filaf ba (wato ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa don ƙara ƙarfin ɗauka), da kusan not 40 idan an sauke shi duka, kuma kafin a kai nan akwai ƙaho mai kuka da ke gargaɗi, sitiyari ya yi laushi, jikin jirgin ya ɗan yi rawa. Idan abin ya auku, hanci ne yake sunkuyawa a hankali, kuma sassauta jan sitiyari tare da ƙara totur ya isa a dawo da jirgin hayyacinsa. Haka lamarin yake a darasin mutuwar inji, inda malami yake janye totur ba tare da sanarwa ba ya ce a nemi wurin sauka. Ana riƙe not 68, kuma jirgin yana lulawa gaba kimanin ƙafa tara a duk ƙafa ɗaya da ya gangaro, ma'ana daga tsayin ƙafa 1,000 ana iya kaiwa fiye da kilomita biyu da rabi idan iska ba ta tare gaba ba. Wannan lokaci ya isa mutum ya zaɓi gona ko fili, ya duba inda iska take, ya gwada tayar da inji, ya yi kiran neman agaji. Halinsa irin na tsohon doki ne mai haƙuri, wanda ake ɗora wa yaro a hawansa na farko.

Sai dai wannan haƙuri yana da nasa haɗari, kuma a nan ne nake ganin ya kamata ɗalibi da malaminsa su fi sa ido. Jirgin da yake jure kuskure yana iya barin kuskuren ya zama ɗabi'a. Ana iya juya 172 ba tare da an yi aiki da fedoji yadda ya kamata ba, ya juya ɗin, kuma ana iya zuwa sauka da gudun da ya wuce not 60 zuwa 70 da littafinsa ya tanada, ya sauka ɗin, ko da ya cinye titi mai yawa yana shawagi kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa. Wanda ya saba da haka zai sha wuya ranar da ya hau jirgi mai sauri ko ya nufi gajeren titi. Manyan tayoyinsa biyu suna kan ƙafafun ƙarfe masu lanƙwasa da ke shanye mummunar sauka, amma tayar gaba ba ta da wannan ƙarfi, kuma idan ita ce ta fara dukan ƙasa jirgin yana iya shiga tsalle-tsalle, kowane tsalle ya fi na baya muni, har a lalata farfela ko bangon da ke bayan inji. Maganin shi ne a ƙara totur a sake tashi a zagayo, kuma malamin kirki yana koya wa ɗalibi yin hakan ba tare da jin kunya ba tun kafin ya bar shi ya tashi shi kaɗai. Malamin da ya koyar da ni ba ya karɓar saukar da tayar gaba ba ta bi layin tsakiyar titi ba, komai laushinta, kuma ina ganin irin wannan tsanani ne yake cike giɓin da sauƙin jirgin yake bari. Iskar da ke bugowa daga gefe ita ma tana bukatar kulawa, domin babban fiffike a sama yana kama ta. Not 15 ne mafi ƙarfin iskar gefe da kamfanin ya gwada sauka a cikinta ya rubuta.

Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta ce mai neman PPL ya kai shekara 17, ya sami takardar lafiya mai daraja ta biyu, ya yi aƙalla awa 40 a sama, 10 daga ciki shi kaɗai, tare da tafiya ɗaya ta kilomita 270 wadda zai sauka cikakkiyar sauka a filaye biyu dabam-dabam. Afirka ta Kudu tana neman awa 45, kuma maki 75 cikin ɗari ne ake cin jarrabawarta ta rubutu a darussa irin su dokokin sama, yanayi, sanin hanya, da aikin inji. Yawancin ɗalibai suna wuce mafi ƙarancin awoyin kafin su shirya, don haka wanda yake tsara kuɗinsa kada ya tsaya a kan adadin da ke cikin tallar makaranta. A wannan doguwar tafiya ta kaɗaici, inda ake bin taswira da agogo da kamfas, 172 yana taimakawa matuƙa, domin babu fiffike tsakanin ido da ƙasa, kuma ana ganin kogi da layin dogo da mahaɗar hanyoyi sarai. Gudunsa a tafiya bai cika wuce not 110 zuwa 120 ba, wanda ya yi kaɗan ga mai sauri amma ya yi daidai ga wanda yake koyon lissafin inda yake. Aibin fiffiken sama yana fitowa ne a lokacin juyi, domin yana sunkuyowa ya rufe ɓangaren da ake juyawa zuwa gare shi, har da titin sauka idan ana kewaya fili. Dole a ɗan ɗaga shi a leƙa kafin a juya, kuma wannan al'ada ce da bai kamata a yi sakaci da ita ba ko sau ɗaya.

Kujeru huɗu ne a cikinsa, amma kada wannan ya ruɗi kowa. Nauyin da aka yarda 172S ya tashi da shi bai wuce kilo 1,157 ba, kuma idan aka cika tankunansa da galan 53 na man da ake iya amfani da shi, abin da ya rage wa mutane da kaya bai fi kimanin kilo 250 ba, wato manya uku marasa ƙiba. Zafi da tsayin wuri suna ƙara rage wannan. Filayen jiragen yankin Johannesburg suna tsakanin ƙafa 4,500 da 5,500 sama da teku, kuma a ranar da zafi ya kai digiri 30, iska tana yin sirantar da jirgin zai ji kamar yana tashi daga tsayin da ya kai ƙafa 7,000 ko 8,000. Inji irin wannan yana rasa kusan kashi uku cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, don haka gudun tashi yana tsawo, hawa kuma yana yin nauyi, musamman a samfurin mai doki 150 ko 160. Wannan ba matsalar Afirka ta Kudu kaɗai ba ce. Filin jirgin Kano yana kan kusan ƙafa 1,560, amma a bazara idan zafi ya kai digiri 40 lissafin yana kusantar ƙafa 5,000, ballantana Jos da ke sama da ƙafa 4,000. Cikin jirgin yana da hayaniya da zafi, kafaɗar ɗalibi tana gugar ta malami, kuma abin sawa a kunne mai kyau ya zama dole. A tsofaffin samfura akwai kuma sananniyar matsalar kujera da ke iya zamewa baya a kan dogonta lokacin tashi, wadda ta sa hukumar FAA ta Amurka ta wajabta duba dogon a kai a kai. Ya kamata ɗalibi ya jijjiga kujerarsa ya tabbatar ta kulle kafin ya tayar da inji.

Babban aibin a wurinmu shi ne mai. Injin 172 yana shan fetur ɗin jirgi mai launin shuɗi da ake kira 100LL, mai ɗauke da dalma, kimanin lita 30 zuwa 38 a awa. A Amurka da Afirka ta Kudu ana samunsa a famfo a ƙananan filaye da yawa, amma manyan filayen Najeriya da maƙwabtanta sun dogara ne a kan Jet A-1, man da ya yi kama da kananzir wanda jiragen fasinja suke sha, shi kuwa 100LL shigo da shi ake yi, yana da tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta karkata daga jiragenta na Tampico TB-9 zuwa Diamond DA40 NG na ƙasar Ostiriya, mai injin dizal da ke shan Jet A-1, kuma abin da yake sha a awa bai kai na Cessna ba. Kamfanin Cessna da kansa ya taɓa fitar da 172 mai injin dizal, amma ya daina sayar da shi a 2018. DA40 jirgi ne mai kyau: fiffikensa a ƙasa yake, da sanda ake tuƙa shi, kwamfuta ce take daidaita injinsa ta hannun totur guda, kuma yana lulawa nesa fiye da 172. Amma rufinsa na gilashi yana tara zafi a ƙasa, jikinsa mai santsi yana sa rage gudu wajen sauka ya bukaci shiri tun da wuri, kuma ɗalibinsa ba ya koyon daidaita cakuɗar mai da iska da hannunsa, ilimin da zai bukata idan ya hau yawancin ƙananan jiragen da ke duniya. Ta fuskar koyarwa zalla na fifita Cessna; ta fuskar aljihu a ƙasar da 100LL yake wahala, Diamond ne yake da hujja.

Ya kamata kuma a san iyakar abin da lasisin yake bayarwa, domin babu jirgin da zai faɗaɗa ta. Mai PPL yana iya ɗaukar iyalinsa da abokansa, amma ba a yarda a biya shi ladan tuƙi ba, kuma yana tashi ne a yanayin da ake gani da ido, wanda a ƙa'idar ICAO yake bukatar ganin nisan kilomita biyar a ƙasa da ƙafa 10,000. A tsakiyar hunturu, lokacin da hazo yake rufe Kano da Maiduguri da Damagaram, akan yi kwanaki ba a sami wannan ba, kuma allon G1000, duk da taswirar da yake nunawa, ba ya halatta wa wanda bai yi karatun tuƙi da na'urori ba ya shiga cikin hazo.

Wanda zai yi rajista a makarantar da ke koyarwa da 172 ya tambayi wane samfuri ne, guda nawa suke aiki a lokacin ba waɗanda ke cikin talla ba, ko kuɗin awa ya haɗa da mai da malami da kuɗin sauka, da kuma wane agogo ake lissafi da shi, domin na Hobbs yana ƙirga duk mintin da inji yake kunne, har da zaman jiran izini a bakin titi. Ya nemi a nuna masa littafin gyaran jirgin, ya kuma guji biyan kuɗin karatun gaba ɗaya tun farko. Idan kuma a ƙasar waje zai yi karatun da niyyar komawa Najeriya, ya ware kuɗin mayar da lasisinsa ya zama na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, tare da na wasu awoyi da malami a cikin irin jirgin da zai tarar a gida, wanda mai yiwuwa ba Cessna ba ne.